Yistin sama a cikin sanyi: yadda na tsima giya a digiri 14

Abin da ya kai ni ga wannan aiki kwaɗayi ne na giya mai tsabtar ɗanɗano, wadda za ka kurɓa ka ji hatsi da ɗan ɗacin furen hop kawai, babu ƙamshin ayaba ko na nunannun 'ya'yan itace da ke biyo bayan giyar da aka tsima cikin ɗumi. Hanyar da kowa ya sani ta samun haka ita ce laga, wato giyar da ake tsimawa cikin sanyi da yistin da ke aiki a ƙasan ruwa. Sai dai laga akwai cin rai: tana son yisti mai yawa, sanyi mai tsanani, ga makonni na jira kafin ta nuna. Ni kuwa firiji ɗaya gare ni, haƙurina kuma yana da iyaka. Shi ya sa na ce bari in ɗauki yistin sama, mai tasowa saman ruwa yayin aiki, wanda ake yin giyar eil (wadda ake tsimawa cikin ɗumi) da shi, in sauke masa zafi in ga iya inda zai jure.

Yistin nan biyu ba jinsi ɗaya ba ne. Na sama, Saccharomyces cerevisiae, ya fi sakewa tsakanin digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyas. Na laga, Saccharomyces pastorianus, yana aikinsa lafiya lau daga digiri 7 zuwa 13, domin shi ruwa biyu ne: gaurayen na sama da wani yistin daji mai jure sanyi, Saccharomyces eubayanus, wanda masu bincike suka ba da rahoton gano shi a dazukan Patagoniya da ke Kudancin Amurka a 2011. Ke nan jure sanyi gado ne a wurin na laga, na sama kuwa tilasta masa ake yi. Amma ba yau aka fara ba. Masu yin giyar Kölsch a birnin Kolon da masu yin giyar Altbier a Dusaldof, duka a Jamus, da yistin sama suke aiki. Suna tsimawa a ƙasa da zafin da aka saba wa eil, sannan su ajiye giyar cikin sanyi ta kwanta. Sanin haka ne ya ba ni ƙwarin gwiwa.

Na dafa ruwan tsiro lita 20 mai kauri 1.048 a ma'aunin haidiromita (na'urar da ke nuna yawan sukarin da ke cikin ruwa), mai haske, hop kaɗan. Da gangan na zaɓi giya maras ado, don irinta ba ta ɓoye aibi, duk abin da yisti ya aikata a baki za a ji shi. Na sa bokitin a firiji da aka haɗa da na'urar daidaita zafi, na manna bakin ma'aunin a jikin bokitin, na rufe shi da guntun soso don kada ya riƙa karanta iskar firijin. Wannan ɗan soson ba ƙaramin aiki yake yi ba. Tsimuwa da kanta tana haifar da zafi, lokacin da aiki ya kankama cikin bokiti kan ɗara iskar da ke kewaye da shi da digiri biyu zuwa huɗu. Wanda ya auna iska ya ce yana tsimawa a digiri 14, ta yiwu giyarsa tana 17 bai sani ba.

Ba kowane yistin sama ne ke yarda da sanyi ba. Na yi amfani da Nottingham na kamfanin Lallemand, busasshe, wanda masu shi suka ce yana aiki har ƙasa zuwa digiri 10. Irin na Kölsch da na Altbier su ma nan ne gidansu. Waɗanda ban yarda da su ba a wannan aiki su ne yistocin Ingila masu saurin dunƙulewa, domin da sun ji sanyi sai su tattara su kwanta a gindin bokiti, su bar sukari a ruwa. Akwai kuma wani yistin Amurka da ya yi suna wajen tsabta a digiri 18, da na sauke shi ƙasa sai ya fito da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi irin na 'ya'yan itace, abin da nake gudu tun farko. Sanyi ba ya gyara kowane yisti, wani ma ɓata shi yake yi.

Sai batun yawa. Lissafin da masu sana'ar ke bi shi ne ƙwayar yisti miliyan 0.75 a kowace mililita kan kowane digirin Plato (wani ma'aunin yawan sukari a ruwan tsiro) idan eil ce, miliyan 1.5 idan laga ce. Kauri 1.048 kusan digiri 12 ne na Plato, don haka lita 20 na neman wajen ƙwaya biliyan 180 a eil, 360 a laga. Eil da za ta zauna a digiri 14 tana tsakani, ta fi karkata ga laga. Na zuba fakiti biyu masu giram 11 maimakon ɗaya. A sanyi yisti ba ya saurin hayayyafa, in ka yi masa rowa tun farko, ƙalilan ɗin da ka zuba su ne za su wahala, kuma wahalalliyar ƙwaya ita ke fitar da ɗanɗanon da ba a so. Na kuma tabbatar ruwan ya sauka digiri 14 kafin in zuba. Akwai masu zubawa da ɗumi wai don yisti ya farka, sannan su sanyaya daga baya. Ban ga hikimar ba, dalili na zuwa.

Farkon lamarin shiru ne, shirun da ke sa mutum zaryar buɗe firiji. A digiri 20 ka zuba da dare, da safe ka tarar kumfa ta tashi. A nan kuwa yini ya wuce, saman ruwan na nan sumul. Abin da na fara gani wasu 'yan tsibirai ne na farar kumfa, ƙanana, suna yawo a gefen bokiti. A hankali suka haɗe suka zama shimfiɗa guda, siririya, mai laushi, da ɗigon ruwan ƙasa-ƙasa na hop a samanta. Ba ta taɓa yin tozon nan mai neman tura murfi ba. Da na kai hanci bakin bututun fitar iska, wari ya ɗan buge ni, na ruɓaɓɓen ƙwai. Iskar sulfa ce, yisti na yin ta ko a ɗumi, sai dai can tafasar tsimuwa na kore ta da sauri, a sanyi kuwa tana daɗewa. Ta tafi da kanta.

Ga dalilin da ya sa ban yarda da zubawa da ɗumi ba. Sinadaran esta masu ƙamshin 'ya'yan itace, irin su isoamyl acetate mai kama da ayaba, da barasa masu nauyi da ke ƙona maƙogwaro, mafi yawansu a kwanakin farko ake yin su, lokacin da yisti ke tsakiyar hayayyafa. Sanyin da ke da amfani na wannan lokacin ne. Wanda ya fara da ɗumi ya sanyaya daga baya ya riga ya yi estar, sannan ya zo ya kashe wa yisti gwiwa daidai lokacin da ake buƙatar ƙarfinsa. An juya abin ke nan.

Domin ƙarshen aiki ɗumi yake so. Da haidiromita ta nuna kusan kashi uku cikin huɗu na sukarin da yisti ke iya ci ya tafi, wajen 1.020, sai na fara ɗaga zafin da digiri ɗaya ko biyu a yini har ya kai 19. Yisti na fitar da wani sinadari, alpha-acetolactate, wanda a wajen ƙwayar yake rikiɗa ya zama dayasetil, mai ɗanɗanon man shanu da santsi a harshe. Yistin da ke da sauran kuzari yana tsotse shi ya mayar da shi abin da ba a ji. A sanyi rikiɗar na tafiyar hawainiya, sai yisti ya kwanta kafin ta kammala, dayasetil ya fito daga baya a cikin kwalba, inda babu mai share shi. Haka ma asetaldehaid mai ƙamshin ɗanyen tuffa. Kwana biyu zuwa uku a ɗumi kan wadatar. Akwai gwaji mai sauƙi: ka ɗibi giyar a kofi biyu, ka rufe ɗaya ka sa shi cikin ruwan zafi mai digiri 60 zuwa 70 na kamar minti 15, ka bar shi ya huce, ka shinshina su biyun. Nawa na farko da na ɗumama ya fito da ƙamshin man shanu ƙarara, alhali ɗan uwansa babu komai. Na ƙara wa bokitin lokaci, na sake gwadawa, sai duka biyun suka zo ɗaya.

Kumfar da ke fita ta bututu kuwa ba ta nuna ko tsimuwa ta ƙare ko ba ta ƙare ba. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe iskar kabon, don haka bututu kan yi shiru alhali yisti na aiki, kuma da ka ɗaga zafi sai ya hau ɓulɓula ko da tsimuwa ta ƙare, iskar da ta narke ce kawai ke fita. Haidiromita kaɗai nake saurara. Tawa ta tsaya a 1.010, na sake aunawa bayan kwanaki ta maimaita, wato barasa wajen kashi 5 cikin 100. Wannan ba wurin gaggawa ba ne. Giyar da ta tsaya a sanyi da sauran sukari, in aka ɗura ta a kwalba aka ajiye a ɗaki, yisti zai farka ya ci gaba, kwalba kuma fashewa take yi. Wajen lissafin sukarin da ake ƙarawa kafin ɗuri don giyar ta yi iska a kwalba, zafi mafi girma da giyar ta kai bayan tsimuwa shi ake dubawa, tunda shi ke nuna yawan iskar da ta rage a ciki.

Bayan nan na sauke ta zuwa digiri 2 ta kwanta, ta washe har ana ganin yatsa ta bayan kofi. Kwalaben kuwa sai da suka koma digiri 20 na mako biyu kafin su yi iska.

Giyar ta fito yadda na so, busasshiya, hatsi a gaba, ɗaci na biye. Amma ba zan kira ta laga ba. Akwai wani ɗan laushi na 'ya'yan itace can ƙasa, wanda mai harshe zai gane, kuma ni ya yi mini daɗi. Daga baya na gwada digiri 11 da yistin nan dai. Ya gama aikinsa, amma jiran ya tsawaita ƙwarai, warin sulfa ya ƙi tafiya da wuri, kuma a baki ban ji wani ƙarin tsabta da ya biya wahalar ba. Wanda ke son sauka can, gara ya sayi yistin laga kawai. Ni yanzu a 14 ko 15 nake farawa, fakiti biyu, in ɗaga zuwa 19 da zarar haidiromita ta kusa 1.020.