Takardar Rajista da Tsofaffin Littattafan Rubutuna

Lokacin da na yanke shawarar yi wa kundin waƙoƙina rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, na ɗauka takardar shaidar da za a ba ni ita ce za ta sa in zama mai haƙƙi. Wani lauya da muke sallah a masallaci ɗaya a nan Katsina shi ya gyara mini fahimta. Ya ce, "Malam, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, ta ba ka haƙƙinka tun ranar da ka zuba aikin a takarda, rajista kuwa ba dole ba ce." Amfaninta, in ji shi, shi ne kotu ta ɗauki abin da aka rubuta a cikinta a matsayin gaskiya har sai wani ya kawo hujjar da ta rushe shi.

To, a nan gizo ke saƙar, domin wanda ya kwafi waƙarka daga wani zauren WhatsApp zai iya riga ka zuwa hukumar ya ce tasa ce, kuma idan magana ta kai Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce ke sauraron irin wannan ƙara, alƙali zai so ya ga yadda aikin ya samu tun daga tushe. Saboda haka na tattara littattafan rubutu uku da na fara tsara baitocin a cikinsu, da rasit ɗin shagon da aka buga mini a kwamfuta, da saƙonnin imel da muka yi musaya da malamina yana gyara mini kari da amsa-amo, kowanne da kwanan watansa, sannan na yi takardar rantsuwa a kotu.

A ganina shafukan da suka fi ƙazanta su ne suka fi daraja. Ɓarawon rubutu kammalallen aiki kaɗai yake da shi. Ba shi da baitin da aka soke sau huɗu kafin ya zauna, ba shi da kalmar da aka maye gurbinta a gefen shafi da jan biro.

Tun da haƙƙin yana ɗorewa shekara 70 bayan rasuwar marubuci, magadana ma za su buƙaci waɗannan takardu. Na sa su a akwatin ƙarfe tare da takardun gida, alhali bara saura kaɗan yara su kai wa mai ƙosai su ta riƙa ƙunshi.