"Zauna, Inna, bari in kawo miki"

Da daminar bara Inna ta zame a bakin makewayi, buta a hannu, za ta yi alwalar asuba. Gansakuka ce ta kwashe ta. Aka ɗauki hoto a asibiti, babu karaya, sai ƙujewa a gwiwa da tsamin jiki. Da a nan abin ya tsaya, sati biyu ya ishe ta warwarewa.

Ni na ɓata lamarin. Tun daga ranar na kafa doka cewa kada a bar Inna ta taka tsakar gida. Ruwan alwala a kai mata bakin gado, abinci ma haka. Ko carbi ta yunƙura za ta ɗauko, sai in ce, "Zauna, Inna, bari in kawo miki." A ganina lada nake kwasa. Matar da barka da gaisuwar rasuwa ba sa wuce ta a unguwa, ta koma leƙe ta labule. Tsoro ya riga ya shige ta, ni kuma kullum ina rura shi.

Wata huɗu, Inna ta kasa tashi daga tabarma sai mutum biyu sun kama ta. Salla ta koma a zaune.

Likitar gashin ƙashi ta matsa cinyoyinta ta ce naman ya zube, kuma zaman ne ya cinye shi. Ta ce kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura shekara 65 kan faɗi a kowace shekara, amma wanda ya daina tafiya ƙafarsa ke mutuwa, faɗuwar da ake gudu ta ƙara matsowa. Sai ta tambaya, "Wa ya hana ta tafiya?" Na kasa ɗaga kai.

Ta sa aka sake duba maganin hawan jininta, ashe yana sa ta jiri in ta miƙe da sauri. Aka fara tashi-zauna daga kujera sau 10, safe da yamma. Muka kankare gansakukar, muka kafa ƙarfen dafawa a makewayi, muka sa fitila mai caji, silifas ya koma takalmi mai kama dunduniya. Abin da ya kamata in yi tun ranar farko ke nan, kuma duk a yini ɗaya muka gama.

Yau wata bakwai muna fama, sujada har ƙasa ba ta dawo ba tukuna. Amma ranar Asabar ta dogara sanda ta je suna maƙwabta da ƙafarta. Ina biye da ita a baya, "zauna" na bakina, na haɗiye.