Daga Yamai zuwa Tawa cikin buji

Ƙarfe biyar na asuba kar ɗinmu ya bar Yamai, tsakiyar hunturu. Kafin mu kai Doso buji ya rufe sama, rana ta fito fara fat kamar faifai. Dattijon da ke kusa da ni ya naɗe hanci da rawani, amma tari ya ƙi barinsa. Bayan Dogon Dutsi ya tofa kaki a ƙyalle, ya duba, launin ƙasa sak.

"Ɗana, huhun nan nawa ya zama gona."

Aikin jinya nake yi, bakina kuma ba ya shiru. Na ce, "Baba, ai shara ce jikinku ke yi." Hanyar iska shafe take da majina, ga wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani suna turo ƙura sama zuwa maƙogwaro dare da rana. Ƙura mafi laushi ce ke kuɓucewa ta kai can ƙasa, inda huhu ke da ƴan jakunkunan iska sama da miliyan 300, kowace da jijiyoyin jini lulluɓe da ita. A nan oksijin ke ratsa siririn bango ya shiga jini, kabon dayoksaid ya fito. Na faɗa masa iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, wadda muke fitarwa kuma tana da kusan 16. Ya yi dariya har tarin ya dawo. "Ashe ɗanɗanawa kawai muke yi mu mayar!"

A Ƙonni muka yi salla, na sayi bargo. Daga Tsarnawa muka miƙa arewa, ƙasar Adar da duwatsunta, sai Tawa da yamma.

Inna ta tarbe ni da fura da ƙorafi: kullum da ciwon kai take tashi, da jiri, wai sanyi ne ya kama ta. Da dare ya yi na ga sanyin da idona. Kasko cike da garwashi a tsakar ɗaki, ƙofa a rufe, taga an cusa mata tsumma.

Gawayin da ke ci inda iska ta yi ƙaranci yana fitar da kabon monoksaid, ba launi, ba wari. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai himogulobin, sinadari mai ƙarfe a ciki, kowane guda na goya oksijin huɗu daga huhu zuwa gaɓoɓi. Wannan gubar kuwa ta fi oksijin maƙale masa fiye da sau 200. Idan ta hau ba ta son sauka, kamar fasinjan da ya kame kujera. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mutum ba ya jin numfashinsa na sarƙewa, don abin da ke sa ƙwaƙwalwa ta hanzarta numfashi galibi taruwar kabon dayoksaid ce a jini, kabon dayoksaid ɗin kuwa yana fita yadda ya saba. Sai barci mai nauyi kawai.

Na yi wauta, na ɗauko ƴar na'urar da muke maƙala wa yatsa don auna oksijin a jini na sa mata. Ta nuna 98.

"Ka gani? Injinka ma ya ce lafiyata ƙalau."

"Inna, wannan ba ya bambance jinin da ya goya oksijin da wanda ya goya gubar."

"To me ya sa ka ɗauko shi?"

Ban da amsa. Na kinkimi kaskon zuwa tsakar gida, na zare tsumman taga, na lulluɓe ta da bargon Ƙonni a kan nata. Tana ta mita, wai yaran Yamai sun zo su kashe ta da sanyi, ina jin ta har na yi barci a zaure.