Makonni Bakwai a Zauren Coci da Iyayen Matasa a Houston

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin unguwa a kudu maso yammacin birnin Houston na jihar Texas a Amurka, kusa da unguwar Gulfton, inda Sifaniyanci ya fi Turanci yawa a bakin titi. Mutanen El Salvador, Honduras, Guatemala da Meziko ne suka cika wurin, kuma a bakinsu na tsinci ɗan abin da nake ji na yarensu, irin na "ina ke miki ciwo?" da "sau biyu a rana". Wata abokiyar aikina 'yar Katolika ce ta roƙe ni in taimaka a shirin da cocinsu ke yi wa iyayen matasa duk Alhamis da yamma, don suna neman mai ilimin lafiya. Na yi jim, ganin ni Musulma ce da hijabina. Da na shawarci maigidana sai ya ce haƙƙin maƙwabtaka ai bai ware addini ba. Na je.

Tsarin da suke bi shi ne Familias Fuertes, wanda hukumar lafiya ta ƙasashen nahiyar Amurka, PAHO, ta gyara daga wani shiri na Jami'ar Jihar Iowa don yara 'yan shekara 10 zuwa 14. Zama 7 ne, ɗaya a mako. Awa ta farko iyaye daban yara daban, awa ta biyu a haɗu. Takensa kalmomi biyu ne, amor y límites, wato ƙauna da iyaka. Abin da cocin ta ƙara shi ne addu'ar buɗewa, abincin dare, da wasu tsofaffin mata masu riƙe jarirai. In suna addu'a nakan zauna shiru a kujerar baya, kuma ko sau ɗaya ba wanda ya yi mini kallon banza.

Tun zaman farko na gane dalilin da ya sa suke zuwa nan alhali ba sa amsa irin wannan gayyata daga makaranta ko asibiti. A gida guda sai ka tarar uba ba shi da takardun zama, babbar 'ya an ƙetaro da ita tana ƙarama, auta kuma ɗan ƙasa ne don a nan aka haife shi. Duk ofishin da za a ce "cika wannan fom" abin tsoro ne gare su. A coci kuwa ba mai tambayar takarda, kuma wadda ta gayyace ka galibi comadre ce, matar da ta tsaya wa ɗanka ranar baftisma.

A zama na biyu na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Wani magidanci ɗan Guatemala, mai aikin rufin gidaje, ya tare ni lokacin cin abinci. Hannayensa duk kanta, hularsa a ƙirji. Yaren gidansu Mam ne, Sifaniyancin ma daga baya ya koya, nawa kuma bai taka kara ya karya ba. Yana son sanin ko gaskiya ne hukuma za ta ƙwace masa yaro in ya dake shi. Tafintarmu tana can wani ɗaki, sai na yafito ɗansa ɗan shekara 13 na ce ya fassara. Na bayyana cewa dokar Texas ba ta hana iyaye horo daidai misali ba, amma dukan da ya bar rauni ana kai rahotonsa, kuma ni kaina doka ta ɗora mini kai wannan rahoto. Yaron ya juya ya faɗa wa ubansa. Ina kallo fuskar mutumin ta sauya. Ya sa hularsa, ya yi godiya, ya fita.

Sai a mota na gane abin da na aikata. Na sa ɗa ya tsaya a gaban baƙuwa yana karanta wa mahaifinsa iyakar ikonsa. Yaron nan shi ne bakin gidan a banki, a asibiti da wajen mai gidan haya, shi ke buɗe wasiƙun makaranta, har waɗanda aka rubuta a kan laifinsa. Uban ya riga ya daɗe yana jin girmansa na zubewa, ni kuma na ƙarasa. Mako na uku bai zo ba. Wani dattijo mai koyar da katekizim, wato darasin addini na coci, ya bi shi gida, ni kuma na aika da ban haƙuri. Ya dawo a na huɗu. Daga ranar muka kafa doka cewa ba yaron da zai sake yin tafinta a zauren, ko da za a jira rabin awa.

Abin da ya fi yawa a ɗakin iyaye shi ne ciwon rabuwa. Wata uwa 'yar Honduras ta bar 'yarta tana da shekara 4 a hannun kaka, ta yi shekara 9 tana sharar ofisoshi da dare tana aika kuɗi. Da yarinyar ta iso sai ta tarar da mijin uwa da ƙanne biyu masu Turanci, kuma har lokacin kakar take kira mamá. Uwar tana ganin butulci, yarinyar tana ganin an yar da ita. A awar haɗuwa mai jagorar zaman ta ce kowa zai yi magana minti biyu ba katsewa, sannan ɗayan ya maimaita abin da ya ji kafin ya ba da amsa. Yarinyar ta ce, idonta a ƙasa, ranar da ta fara al'ada kaka ce a gefenta. Uwar ta buɗe baki za ta lissafa wahalarta, sai ta haɗiye, ta maimaita maganar kamar yadda aka ce, ta ƙara da "mija", wato 'yata. Ba su shirya a daren ba. Amma mako na gaba a kujeru biyu na jere suka zauna.

Nawa ɓangaren gajere ne. Na yi musu bayanin alamun damuwa mai tsanani a matashi, kamar daina cin abinci, rufe kai a ɗaki da yankan jiki, na rubuta lambar 988 a allo, wato layin agajin gaggawa na masu damuwar ƙwaƙwalwa, na ce a danna 2 don Sifaniyanci. Na lura kuma sai da Fada, limamin cocin, ya faɗa da bakinsa cewa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba raunin imani ba ne sannan iyaye suka fara ɗaukar lambar a waya. Maganar da na yi mako biyu ina nanatawa, shi jimla ɗaya ta ishe shi.

Duk wannan ya bi ni har gida. Ɗana a Houston aka haife shi, ina masa Hausa yana ba ni amsa da Turanci. Mu an raine mu da sunkuyar da kai gaban babba, shi kuma makaranta ta koya masa kallon mutum cikin ido, ni sai in ɗauka rashin kunya ne. Yanzu in rai ya ɓaci nakan bar shi ya gama, in maimaita abin da na ji. Da wuya, wallahi. Na kuma kai wa shugabar matan masallacinmu maganar mu fara irin wannan zama, domin abin da ke cin iyayen Gulfton yana cin namu.

A zama na bakwai kowane gida ya kawo abinci. Magidancin nan ɗan Guatemala ya nufo ni da tamales, wani abincin ƙullun masara, a naɗe cikin ganyen ayaba, irin na ƙasarsu. Ɗansa ya matso zai fassara kamar yadda ya saba, sai uban ya dafa kafaɗarsa ya tsayar da shi. Da kansa ya gaya mini, a hankali don in gane, cewa matarsa ta yi nawa daban, da naman kaza, ba kitsen alade.