Ɗan aiken da ba ya dawowa ya yi tambaya

Jiya bayan isha'i wuta ta dawo unguwarmu a nan Garwa, zafin Afrilu kuma kun san shi, bacci ba ya yiwuwa, sai na ce bari in gwada wani abu da ya kwana biyu a raina. Akwai wani Alhaji mai shagon sari da nake kula masa da databes ɗinsa, wato ma'ajiyar bayanan shagon a kwamfuta, irin wanda ake kira PostgreSQL ne, yaransa sun dame ni da ƙorafi wai in sun nemi lissafin kaya sai kwamfuta ta yi ta juyi har mai saye ya gaji ya hau moto ya tafi.

Na samo wata 'yar manhaja ta duba saurin databes, irin wadda ake jona wa ɗan aiken AI (AI ɗin da kake ba umarni ya yi maka aiki) ta hanyar MCP, tsarin nan na haɗa AI da manhajoji da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ɗan aiken nan ba ya ganin abin da ke cikin manhajar sam, sunanta yake gani da ɗan bayanin da aka rubuta a kanta da guraben da zai cike, shi ke nan fa. Bayanin wannan kuwa layi ɗaya ne tal da Turanci, wai tana duba saurin kwiri, wato umarnin da ake ba databes.

Na ce masa ya duba min kwirin da ke sabunta farashi. Ya ɗauki UPDATE ɗin, wato umarnin canza bayanan, ya miƙa wa manhajar, ashe ita a ƙarƙashi EXPLAIN ANALYZE take yi. Wanda ya san PostgreSQL ya riga ya dafe kai. EXPLAIN shi kaɗai hanyar da databes zai bi yake nuna maka, amma da ka ƙara ANALYZE to da gaske ake aiwatar da kwirin, shi ya sa su kansu masu PostgreSQL suka ce ka buɗe da BEGIN ka rufe da ROLLBACK, don a soke canjin bayan gwaji. Farashin kaya ya canza kaf. Allah ya rufa asiri a kan kwafin da ke laptop ɗina nake aiki, da a saba ta shago ne, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da ainihin bayanan, wlh ban san da wane ido zan kalli Alhaji ba.

Ni kam ban ga laifin ɗan aiken ba. In ka tura yaro kasuwa ka ce sayo hatsi, ba ka ce gero ko dawa ba, mai hankali zai dawo ya tambaye ka. Wannan sau da yawa cankar abin da kake nufi yake yi ya wuce.

Ɗaya ɓangaren manhajar ma haka, wai tana kawo kwiri mafi nawa, wato mafi jinkiri. Daga pg_stat_statements, inda PostgreSQL ke tara lissafin lokacin kowane kwiri, take ɗebowa, to amma nawa ta wace fuska? Matsakaicin lokaci ko jimilla? Kwirin da ke cin daƙiƙa 2 sau ɗaya a wata ba shi ne ke kashe saba ba, ƙaramin nan ne da ake kira dare da rana. Ba a ma ce alƙaluman milisakan ne ba, ba a ce sai an kunna pg_stat_statements tukuna ba, ga shi tun PostgreSQL 13 aka maida sunan gurbin jimillar lokaci daga total_time ya zama total_exec_time. Zancen indeks kuma, wato jerin da ake ƙirƙira don neman bayanai ya yi sauri, ko kalma ɗaya babu kan cewa CREATE INDEX yana hana rubutu a teburin bayanai har ya gama sai dai in an sa CONCURRENTLY, a shago da rana tsaka wannan ai rigima ce.

Na tura wa ƙanena da ke jami'a a Ngaundere bayanin manhajar ta WhatsApp ban ce masa komai ba. Amsarsa: "Yaya, wannan kallo kawai take yi ko tana taɓa bayanai?" Tun daga nan da tambayarsa nake fara auna kowane bayani, in bai amsa ta ba ko sauran ba na karantawa.

Na zauna na sake rubuta shi da kaina, ya kai layi takwas, na sa har da inda bai kamata a kira ta ba. Da na maimaita umarnin sai ɗan aiken ya tsaya ya ce wannan kwirin zai canza bayanai, ko na yarda ya ci gaba? Ina shirin amsawa wuta ta sake ɗaukewa.