Taurari takwas: yadda nake lissafin ladan gasar wata a Clash of Clans

Aikin da na fi daɗewa ina yi a ƙungiyarmu ta Clash of Clans, wasan waya da kowa ke gina gidansa ya kai wa na wasu hari, shi ne riƙe jerin sunayen waɗanda za su shiga Clan War Leagues, gasar da kamfanin Supercell na ƙasar Finland ya shigo da ita a watan Oktoban 2018, ake kuma yin ta a farkon kowane wata. Ladan ƙarshenta lambobin gasa ne, waɗanda ake kashewa a wani shago na musamman a cikin wasan. Abin da na gani kaka bayan kaka shi ne, ƙungiyar da ta iya raba gurabe, ta kuma tabbatar kowa ya kai harinsa, ita ke kwasar lambobin nan, ko da 'yan wasanta ba su kai na abokan karawa ƙarfi ba.

Ana buɗe rajista kwana biyu a farkon wata. Shugaba ko mataimakinsa ne ke danna ta, ya zaɓi mutanen da za su shiga jeri. Sai a haɗa ƙungiyoyi takwas a rukuni ɗaya, kowace ta kara da sauran bakwai ɗin, yaƙi ɗaya a rana. Da ranar shiri ta farko, kwana takwas ke nan. Bambancinta da yaƙin da aka saba guda biyu ne masu nauyi: kowa hari ɗaya tak yake da shi maimakon biyu, kuma ba a duba ƙarfin gidajenku wajen haɗa ku da abokan karawa. Matakin da ƙungiya take kai kawai ake dubawa. Saboda haka kana iya buɗe taswira ka tarar goman farko nasu duk sun fi naku da matakin TH (Town Hall, babban ginin gida) guda ko biyu. Babu wanda za ka kai wa ƙara.

Ga lissafin da komai ya rataya a kansa. Yawan lambobin da ƙungiya za ta samu ya dogara da matakin gasar da take ciki da kuma matsayin da ta ƙare a rukuni. Amma ba kowa ne zai karɓi cikakken kason ba. Wanda sunansa yake cikin jeri, ko bai kai hari ko ɗaya ba, kashi 20 cikin ɗari yake samu. Kowane tauraro da ya ciwo (hari ɗaya na iya kawo har uku) yana ƙara masa kashi 10. Da ya cika taurari takwas, ya kai ɗari bisa ɗari. Tauraro na tara ba ya ƙara masa komai a aljihunsa, sai dai ya taimaki ƙungiya.

Yanzu a ɗauki yaƙin mutum 15 da 15. Gurabe 15 sau kwana bakwai, hari 105 ke nan a duk kakar. Gwani na iya cika takwas ɗinsa da hari uku, uku da uku da biyu. Mutumin da ya saba cin taurari biyu yana buƙatar hari huɗu. In ka raba 105 da huɗu, mutum 26 za ka samu. Wannan ita ce iyakar da nake aiki da ita: in jeri ya wuce mutum 26 a yaƙin 15, to dole wasu su tashi da rabin kaso, kuma gara a faɗa musu tun ranar rajista. Ni na fi son 19 ko 20, domin mutum takwas ko tara na sama ba sa fita ko rana ɗaya, gidajensu ne katangar ƙungiya. In tara sun zauna kwana bakwai, sun cinye hari 63, saura 42, wanda zai ishi mutum goma hari huɗu-huɗu da ragowar biyu. A yaƙin 30 da 30 kuwa hari 210 ne, ko mutum 50 ne a jeri kowa zai iya samun huɗu, sai dai ba a yarda da wannan girman a babban matakin gasar da ake kira Champion.

Kuskuren da na fara yi shi ne juya mutane bisa adalcin kwanaki, wato kowa kwana huɗu ko biyar, ba tare da duba wa za mu kara da shi ba. Tun ranar farko ana iya buɗe jerin duk ƙungiyoyi bakwai ɗin a ƙirga TH ɗinsu. Yanzu haka nake yi, in rubuta su daga mai ƙarfi zuwa mai rauni. Ranar da za mu haɗu da masu rauni biyu ko uku, nan nake zuba ƙananan 'yan wasanmu su tara taurarinsu, domin a nan ne za su iya cin uku. Ranar da za mu haɗu da tsaranmu, waɗanda tauraro ɗaya ko biyu ne zai raba mu, ba na wasa da jeri, mafi ƙarfi 15 nake sakawa. Dalili kuwa, duk yaƙin da aka ci ana ƙara wa ƙungiya taurari goma a teburin rukuni. Goma ɗin nan ya fi abin da mutum uku za su ciwo in kowa ya yi kaca-kaca da gidan da ya hara. Ƙungiyar da ta fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba, ita ma nakan sa ƙanana a ranarta, tunda an riga an san goman ba namu ba ne, su kuma za su iya tsintar ɗaya ko biyu.

A kan wannan tsintar, akwai abin da nake maimaita wa duk sabon shiga. Tauraro ɗaya na rusa rabin gida ne, kashi 50. Ɗaya na rusa TH ne. Na uku sai an share komai. Idan gidan da aka ba ka ya fi ka, manta da na ukun. Ka nemi gefen da TH ya fi kusa da shi, ka fara share gine-ginen waje a dama da hagu don dakarunka su miƙe tsakiya, ka tura injin yaƙi ya kai ga TH, ka kuma ajiye 'yan ƙananan dakaru uku ko huɗu a hannu. Da yawa sun tashi da tauraro ɗaya a kashi 48 ko 49, alhali da sun rage maharba biyu da za su ɗauke wata bukkar magini a lungu, da sun cika. Minti uku ne harin gaba ɗaya, bayan daƙiƙa 30 na dubawa. Lokacin duba gida na gaskiya shi ne ranar shiri, ba waɗannan daƙiƙoƙin ba.

Sannan a rarraba gidaje tun kafin yaƙi ya fara. Ƙungiya ba ta ƙirga taurari sau biyu a gida ɗaya, mafi kyawun sakamako kawai ake ɗauka. Tunda hari 15 ne gidaje 15, duk lokacin da mutum biyu suka faɗa wa gida guda, akwai wani gidan da zai kwana ba a taɓa shi ba. In na shida ya ga na sha biyu ya yi masa sauƙi ya sauko ya cinye, to na sha biyun namu ya rasa wurin zuwa, sai ya hau sama ya dawo da sifili. Jimillar uku ke nan, maimakon biyu da uku da za a samu in kowa ya tsaya a layinsa. Wani lokaci da gangan muke yin akasin haka: in na ɗayansu ya gagari kowa, sai mu tura ƙaraminmu ya nemo tauraro ɗaya a can, kowa kuma ya sauko mataki guda. Wannan shawara ce ta shugabanni, ba ta mai hari ba. Idan taurari suka zo daidai, yawan kashin ɓarna ne ke raba gardama, don haka ko harin da ya lalace kada a katse shi, a bari dakaru su ci iya cinsu.

Sa'ar da aka danna rajista ita ma lissafi ce, mutane ba sa kula da ita. Kusan a wannan sa'ar ce kowane yaƙi zai riƙa ƙarewa har kwana bakwai. Yawancin mutane kuma sai awa biyun ƙarshe suke kai hari. In ka yi rajista ƙarfe biyun dare, ka shirya ganin gurabe babu hari. Ni ina dannawa wajen goman dare agogon Najeriya, bayan an yi isha'i an natsu. Hakan ya yi daidai da Nijar da Kamaru da Chadi, mutanenmu na Ghana tara ce a wurinsu, na Sudan sha ɗaya, na Saudiyya sha biyu. Da azumi nakan ƙara awa ɗaya saboda tarawihi.

Abin da ya fi cinye mana taurari bayan mantuwa shi ne yankewar intanet. Da zarar ka danna hari, an ƙirga shi. In layi ya yanke, dakarun da ka riga ka sauke za su ci gaba su kaɗai, waɗanda ke hannunka sun tafi a banza, babu sake gwadawa. Don haka dokarmu ita ce: kada a kai hari a cikin mota ko a kan babur, kada a kai shi da caji ƙasa da kashi 30, kuma a fara buɗe wani abu a ga ko data na tafiya. Kiran waya ma na iya katse data a wasu wayoyin. Wanda ke kan wayifai ɗin gida ya tuna in an ɗauke wuta na'urar za ta mutu da harinsa.

Sai jarumai. Jarumin da ake ɗaga matakinsa ba ya fita yaƙi. Mutum ya sa Sarauniya, ɗaya daga cikin jaruman, a gyara ranar 30 ga wata, ya shigo gasa da ƙafa ɗaya. Nakan tambayi kowa kafin rajista, wanda jarumansa biyu ke kwance sai ya jira kwanakin ƙarshe. Kuma barikin ƙungiya na taswirar yaƙi, inda 'yan ƙungiya ke zuba wa kowane gida dakarun tsaro, kullum sai an sake cika shi, domin ranar shirin gobe tana tafiya ne a lokaci guda da yaƙin yau. Mutane na shagala da yaƙin da ake ciki su manta. Na ɗora wa mutum biyu wannan aikin, ɗaya ya cika na ɗaya zuwa takwas, ɗaya ya cika sauran.

Bayan an gama akwai ƙarin lambobi da shugaba ke rabawa ga 'yan mutane kaɗan. Yawan waɗanda za su samu na ƙaruwa da ɗaya a duk yaƙin da aka ci, kuma kwana 21 ake bayarwa a raba. Nan ne rigima ke tashi. Da muna ba wa masu taurari mafi yawa, sai muka ga muna saka wa masu saukowa ƙasa ne, muna hukunta wanda ya yarda ya hari gidan da ya fi shi. Yanzu sharaɗin farko shi ne ba ka bar hari ko ɗaya ba, na biyu ka bi gidan da aka ba ka, sannan a duba taurari. Wanda ya samu wannan watan sai ya bar wa wani wata mai zuwa in sun yi kunnen doki. Ana rubuta wannan a zauren hira tun kafin a fara.

Wajen kashewa, guduma na fi saya. Gudumar gini lamba 120 ce, ta jarumai 165, kuma tana gama aiki nan take ba tare da an biya zinariya ko elikza, kuɗaɗen cikin wasan, ba, saɓanin littafi, wani kayan gama aiki, wanda sai ka fara biyan kuɗin aikin. Guda ɗaya ake iya riƙewa daga kowane iri, sai bayan kwana bakwai za a sake sayen irinta. Saboda haka a buga ta a kan gini mafi tsada da tsawon kwanaki, kada a ɓata ta a kan abin kwana biyu. Gudumar gini na buƙatar magini guda da ba ya aiki. Ma'ajiyar lambobin kuma tana cika a 2,500, mai tarawa ya duba kafin kaka ta ƙare.

Sauran ladan haɗin gwiwa na wata ba su kai wannan wahala ba, amma lissafin iri ɗaya ne. A Clan Games, inda kowa ke gama ayyuka don tara wa ƙungiya maki, tsarin da na daɗe ina aiki da shi maki 4,000 ne iyakar mutum ɗaya, matakin lada na sama kuma 50,000, wato sai mutum 13 sun cika nasu. Na fi son mutum 27 su kawo dubu bibbiyu, don in biyu sun ɓace ba a rasa matakin ba. Wanda bai gama ko aiki ɗaya ba ba shi da rabo. Harin ƙarshen mako na Clan Capital, babban birnin ƙungiya mai unguwanni, kuwa yana buɗewa Juma'a ƙarfe takwas na safe agogon Najeriya, ya rufe Litinin a daidai wannan lokacin. Hari biyar ne kowa, da na shida ga wanda ya ƙarasa rusa wata unguwa. Ɓarnar da wani ya yi tana nan ba ta gogewa, don haka in ka tarar da unguwa a kashi 90 kuma ka riga ka samu na shidanka, bar ta ga wanda bai samu ba, kai ka buɗe sabuwa.