Yadda na tantance gidan jinyar da muka kai Baffa

A wurinmu, kai tsoho gidan kula da tsofaffi abin gori ne. Amma a Amurka idan mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, asibiti ba ya riƙe shi har ya miƙe. Da an shawo kan ciwon sai a ce a kai shi gidan jinya, a ci gaba da gashin ƙashi da koyon tafiya. Haka ta faru da Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya tsufa yana tuƙin tasi a New York. Ma'aikaciyar da ke kula da sallama ta miƙo mana jerin gidaje a Bronx da kewaye, ta ce mu zaɓa da wuri. Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, na biyan kwana 20 na farko gaba ɗaya, daga nan zuwa kwana 100 majinyaci ke sa wani kaso. Kuɗi dai da sauƙi. Wane hannu za mu damƙa shi, nan gizo ke saƙa.

Na fara da shafin Care Compare na gwamnatin tarayya, inda ake ba kowane gida tauraro 1 zuwa 5, tsarin da aka fara tun 2008. Taurarin nan daga abu uku ake haɗa su: binciken sufetocin lafiya, yawan ma'aikata, da ma'aunin ingancin kulawa. Na ukun nan mafi yawansa gidan ne ke kai rahoton kansa, kamar ɗalibi ya duba takardar jarrabawarsa da kansa, don haka ban ba shi nauyi ba. Tauraron bincike kuwa gasa ce tsakanin gidajen jiha ɗaya: kashi 10 cikin 100 na sama su ke samun 5, kashi 20 na ƙasa su samu 1. Mai tauraro 5 ya fi maƙwabtansa ne kawai, ba wai an wanke shi tas ba.

Ainihin maganar tana cikin rahoton sufetocin, takardar da ake kira CMS-2567. Tun dokar gyaran gidajen jinya ta 1987, ma'aikatar lafiya ta jiha ke aika sufetoci ba sanarwa, kuma a ƙa'ida kada a wuce wata 15 ba a je ba, ban da zuwan da suke yi idan wani ya kai ƙorafi. Kowane laifi yana da lamba da kuma harafi daga A zuwa L. Harafin nan shi ne abin dubawa. A zuwa C ƙananan abubuwa ne. D zuwa F na nufin ba a cutar da kowa ba tukuna, amma ana iya cutarwa. G zuwa I an riga an cutar da wani. J zuwa L rai ko lafiyar mutum na cikin haɗari na gaggawa.

Gida biyu suka rage a hannuna. Na farkon ya fi kyan hoto, ya fi taurari, laifuffukansa ma ba su da yawa. Na biyun jerinsa ya fi tsawo, har Hajiya matar Baffa ta ce, "Kai ɗan nan, wannan duk laifi ne? Rufe shi kawai." Na ce, "Hajiya, bari mu ji me suka yi tukuna."

Na biyun duk D da E ne: abinci a firji ba a rubuta kwanan wata ba, wata nas ta shiga ɗaki ba ta wanke hannu ba, an makara sabunta takardar tsarin kulawa. Ba abin yabo ba ne, musamman wanke hannun, wanda ke ƙarƙashin F880, lambar hana yaɗuwar cuta. Amma na farkon yana da G a kan F689, lambar haɗurra da sa ido. Na zauna na karanta labarin. Rahoton ba ya faɗin suna, sai dai "mazauni mai lamba kaza". An rubuta a takardarsa cewa mutum biyu za su riƙa ɗaga shi daga gado, mutum ɗaya ta ɗaga shi da dare, ya faɗi ya karye a ƙugu. Da sufeto ya tambaye ta, ta ce ita kaɗai ce a ɓangaren. Na koma rahoton da ya gabata, sai ga F689 ɗin nan dai, da alƙawarin gyara iri ɗaya: za a sake horar da ma'aikata. Horo ba ya mayar da mutum ɗaya ya zama biyu. Baffa kuwa ɓarinsa na hagu ba ya motsi, daidai irin wanda sai an ɗaga.

Daga nan na daina ƙirga laifi. Ina duba harafi, ina duba ko abin ya maimaita kansa, ina duba ko ya shafi irin ciwon namu: faɗuwa, gyambon kwanciya a F686, kuskuren magani. Shafin kafar labarai ta ProPublica mai suna Nursing Home Inspect ya taimaka, don yana jera rahotanni da tarar da aka ci gida wuri ɗaya. Akwai kuma jan tambari mai hoton tafin hannu da aka fara sawa a 2019 kusa da sunan gidan da aka kama da cin zarafi. Duk mai shi na tsallake, ban tsaya jin bahasi ba.

Alƙaluman ma'aikata sun fi na da aminci, don yanzu daga takardun albashi ake ɗauko su. Tun 2022 ana nuna yawansu a ƙarshen mako da kuma yadda suke barin aiki. Gidan da rabin ma'aikatansa ke tafiya cikin shekara, wa zai san cewa Baffa ba ya iya haɗiye ruwa sai an kaurara masa?

Takarda tana faɗin abin da ya wuce ne, wani lokaci na wata da watanni. Saboda haka na je gida na biyun ranar Lahadi da yamma, lokacin da manya ba sa nan. Doka ta ce su ajiye rahoton ƙarshe inda kowa zai gani ba sai ya roƙa ba, na kuwa same shi cikin fayil a kan teburin shiga. Na tsaya a baranda ina kallon fitilar kira da ta kunnu a saman wata ƙofa, ba a jima ba wata ta shiga. Tiren abinci ba a bar su sun huce a gaban waɗanda ba sa iya ci da kansu ba. Washegari na tambayi shugabar nas-nas maganar wanke hannun. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta nuna mini takardar sa idon da suke cikewa tun daga lokacin. Na kuma kira ofishin Ombudsman, masu karɓar koken mazauna kyauta a kowace jiha, na ji irin ƙorafin da ya fi zuwa musu.

Da na kai wa Baffa bayani, tambayarsa ɗaya ce: "To, naman fa?" Wannan babu tauraron da ke nuna shi. Amma ƙa'ida ta wajabta wa gida ya yi la'akari da addini da al'adar mutum a abinci, don haka a zaman tsara kulawa muka sa aka rubuta ba naman alade, kifi da ƙwai su maye gurbi, namiji ya riƙa yi masa wanka idan akwai, a kuma kauce wa sa masa gashin ƙashi a lokacin sallar Juma'a. Tuwo da miyar kuka Hajiya ke kawowa daga gida, bayan likitar haɗiya ta duba kaurinsu ta amince.